Wane antibairos zan saya? Amsa ga mai shagon buga takardu a Aboabo

Alhaji, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana da shagon buga takardu da fotokwafi a Aboabo ta Kumasi, a gefe guda kuma kana harkar MoMo, wato tura kuɗi da cire su ta waya. Abu uku suka haɗu maka cikin wata guda. In kwastoma ya kawo filas ka saka a kwamfutarka, sai fayilolinsa su rikiɗe su koma wasu 'yan alamomi da ba sa buɗuwa. Wayarka tana zafi, tana shanye data, talla na faɗo maka ko ba ka taɓa komai ba. Sannan an ƙwace WhatsApp ɗin maƙwabcinka, aka riƙa roƙon kuɗi da sunansa a gurup ɗin masallaci. Kana son sanin ko duk bairos ne, da kuma wane antibairos za ka saya ka huta.

Kada ka sayi komai tukuna. Biyun farko muguwar manhaja ce, na ukun kuwa babu ko ɗigon bairos a cikinsa, da baki aka yaudari bawan Allah. Na fara da gyaran kwamfuta a Adum kafin in koma kula da tsaron na'urorin wani kamfani, kuma abin da na gani a duk shekarun nan shi ne, da wuya ɓarawon nan ya fasa ƙofa. Sallama yake yi, mai gida ya taso ya buɗe masa da hannunsa. In ka gane wannan, rabin maganin ya samu, domin antibairos mai gadi ne, kuma mai gadi ba ya hana shigowar wanda mai gida ya riƙo wa hannu.

Mu a nan komai bairos muke ce masa, amma dangi ne masu yawa, kuma sanin bambancinsu yana da amfani kamar yadda sanin bambancin zazzaɓin sauro da taifot yake da amfani kafin a sha magani. Duk manhaja umarni ce da wani ya rubuta wa na'ura. Muguwar manhaja ita ce wadda aka rubuta don ta yi wa wani aiki a cikin na'urarka ba da saninka ba. Bairos na asali shi ne wanda ke maƙalewa a jikin wani fayil, ya yaɗu in an buɗe fayil ɗin. Na farko da ya bazu a irin kwamfutocin da muke amfani da su, sunansa Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, yana bin faifan ajiya daga hannu zuwa hannu. Akwai wadda ake kira tsutsa, wadda ba ta jiran kowa ya buɗe ta, da kanta take rarrafawa daga na'ura zuwa na'ura. Akwai kura da fatar akuya, wato manhajar da ke zuwa maka da siffar abin kirki, wasa ko manhajar gyaran hoto, ciki kuwa ɓarna ce. Akwai mai leƙen asiri, akwai mai cusa talla, akwai kuma mai garkuwa da fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A shago irin naka, kura da fatar akuya ta fi kowa cin kasuwa.

Bari in fara da filas, tunda shi ne abincinka na kullum. Gobe in abin ya sake faruwa, ka dubi alamomin nan da kyau. Za ka ga kowace tana da 'yar kibiya a kusurwarta ta ƙasa, in kuma ka duba nauyinta za ka ga bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, alhali folda ce da ya kamata ta ɗauki hotuna hamsin. Fayilolin kwastoma suna nan, ba a share su ba, ɓoye su aka yi. Tsutsar ta ɓoye na gaskiya, ta ajiye na bogi masu suna iri ɗaya. Da zarar ka danna na bogin, sai ta fara ɗora kanta a kwamfutarka, wani lokaci ma ta buɗe maka foldar gaskiyar don kada ka yi zargi. Daga nan duk filas ɗin da ya shiga kwamfutar nan ya kamu. Ɗalibi ya kawo aikinsa na makaranta ya tafi da ita, ya kai wa shagon da ke Asawase, na Asawase ya ba na Alabar, bayan sati ta dawo maka a filas ɗin wani. Shi ya sa kake gogewa tana dawowa: kwamfutarka ce ta zama rijiyar da kowa ke ɗiba. Wasu na raina ta saboda ba a ganin ta saci komai, amma da yawa daga irinta suna buɗe wata ƙofar baya da mai ita zai iya turo abin da ya fi ta muni. Kuma kada ka raina filas. Manhajar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, an ƙera ta ne ta yadda za ta bi filas ta shiga kwamfutocin da ba su ma haɗe da intanet.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Ka shiga saitin folda ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, ka kuma kunna nuna wutsiyar sunan fayil, wato haruffan nan uku ko huɗu da ke bayan ɗigo. Takarda tana ƙarewa da .docx ko .pdf, hoto da .jpg. In ka ga abin da aka ce maka takarda ce ya ƙare da .exe ko .vbs ko .scr, ka janye hannunka. Kowane filas ya shigo, a fara bincika shi kafin a buɗe. Mafi sauƙi ma, ka saba wa kwastomominka su turo takardunsu ta WhatsApp ko imel a matsayin PDF. In kuma takardar Word ta buɗe da wani saƙo mai ruwan ɗorawa a sama tana neman ka kunna abin da ke cikinta, kada ka kunna. Takardar neman aiki ba ta bukatar wannan.

Yanzu ga amsar tambayarka kai tsaye. In kwamfutarka Windows 10 ce ko 11, akwai antibairos a cikinta tun daga kamfani, Microsoft Defender, kuma ya ishi shago irin naka matuƙar yana kunne yana kuma samun sabuntawa. Abin da na sha tararwa shi ne an kashe shi. Wa ya kashe? Yaron da ya zo saka manhajojin aiki. Kusan kowane shagon buga takardu da na shiga a garin nan, manhajojin zane da na rubutu da ke ciki fasassu ne, an karya musu makulli don kada a biya kuɗin lasisi, kuma matakin farko na saka fasasshiyar manhaja shi ne a kashe antibairos, don yana hana ta shiga. Ka tsaya ka yi tunani a nan. Mutumin da ba ka sani ba, a wata ƙasa, ya ɓata dare da rana ya fasa manhajar da ake sayarwa da tsada, ya ɗora ta kyauta, ya ce sharaɗinsa kawai ka kori mai gadinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba zan manta da wani mai ɗaukar hoton biki da ya zo mini da kwamfutarsa a cikin jakar leda ba. Hotunan aure uku ne a ciki, ba a ba masu su ba tukuna. Kowane hoto yana nan da sunansa, amma an ƙara masa wata baƙuwar wutsiya ta haruffa huɗu, kuma babu wanda ke buɗuwa. A kowane lungu an ajiye wata 'yar takarda da Turanci: a biya dala 980, in an yi sauri cikin awa 72 a biya 490. Ya zauna a benci yana juya hularsa a hannu, yana tambayata me zai gaya wa uwar amarya. Kwana biyu kafin nan ya sauke wata fasasshiyar manhajar gyaran hoto. Wannan dangin manhajar garkuwa ana kiransa STOP ko Djvu, kuma ta fasassun manhajoji ya fi yaɗuwa. Yadda take aiki shi ne ta kulle kowane fayil da lissafi mai ƙarfi, makullin kuma yana hannun mai ita. Ana iya wanke kwamfutar tas, amma wankewa ba ta buɗe abin da aka riga aka kulle. Mun ci sa'a biki ɗaya yana nan a katin kyamara. Sauran biyun sun tafi.

Ba na ba kowa shawarar ya biya. Babu tabbacin za su turo makullin, kuma wanda ya biya ya nuna musu cewa sana'ar na ci. Akwai shafin da ake kira No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka buɗe tare da kamfanonin tsaro a 2016, inda ake ajiye makullan wasu nau'o'in da aka ci galaba a kansu, kyauta. Ya cancanci a duba, amma kada a dogara da shi. Abin dogaro ɗaya ne: kwafi. Duk abin da in ya ɓace za ka yi kuka, ya kasance yana wuri uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje, da kuma wani wuri da ba shagon ba, ko gida ko ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Faifan wajen kuma a cire shi bayan an gama kwafa, domin in yana maƙale lokacin da manhajar ta faɗo, tare za ta kulle su. Wannan kwafin shi ne zai cece ka ranar da dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar nan, ya dawo da wuta da ƙarfi ya ƙone faifan ciki, ko ranar da aka fasa shago.

Sai batun sabuntawa, wanda na san mutanenmu suna kashewa saboda tsadar data. Ina jin wannan uzurin, data ba araha ba ce. Amma ka ji abin da ya faru. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa da aka gano a Windows. Ranar Juma'a 12 ga Mayu na shekarar, wata biyu bayan nan, manhajar WannaCry ta bi ta wannan kafar ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganawar likita da tiyata kusan 19,000. Babu wanda ya danna komai, tsutsa ce, da kanta take shiga. Waɗanda suka karɓi gyaran watan Maris ba ta taɓa su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawa kuwa ita ce yaɓen da ake toshe tsagar da shi. Matsalar ita ce wasu bangwayen an daina yi musu yaɓe. Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka daina. Windows 10 ma an rufe mata gyaran kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. In tsohuwar kwamfutarka ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ka mayar da ita ta karɓar filas da buga takarda kawai, ka raba ta da intanet, kada ka shiga banki ko imel da ita. Lissafin shago da takardunka su zauna a wata dabam. In kwamfutar ɗaya ce tak, ka buɗe wa yaran shago asusu na talaka wanda ba shi da ikon saka manhaja, asusun mai iko ya zauna a hannunka da kalmar sirri.

Akwai abin da nake so in faɗa maka a matsayin ɗan'uwa. A fuskar kwamfutocin shaguna na sha ganin hotunan Ghana Card, fasfo na maniyyata, takardun haihuwa, takardun fili, duk zube, wasu tun shekara biyu. Mutane sun kawo a yi musu kwafi sun tafi, sun ɗauka an goge. Duk manhajar da ta shigo tana iya kwashe su, kuma da katin mutum ana iya yin abubuwa da sunansa da zai daɗe yana wanke kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan takardu nauyin kiyaye su, amma ko ba doka, amana ce. A goge kowace rana kafin a rufe shago, a kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar.

Mu dawo kan wayarka. Zafi da cin data da tallan da ke faɗowa alamu ne na manhajar cusa talla, wadda ke buɗe shafuka a ɓoye tana danna talla don mai ita ya samu kuɗi, wani lokaci ma ta yi maka rajistar wasu hidimomi da ke cire maka kuɗin kira kullum. Ka tuna me ka saka a makonnin da abin ya fara. Yawanci ɗaya ne daga cikin waɗannan: manhajar da aka turo maka ta Xender ko ta gurup mai wutsiyar .apk, manhajar da ke cewa za ta wanke waya ta ƙara mata sauri, ko WhatsApp ɗin nan na jabu irin GB da matasa ke so don yana ɓoye alamar an karanta saƙo. Wannan na ƙarshen ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba, ba a san hannun da ya bi ba, kuma duk hirarka da hotunan iyalinka ta cikinsa suke wucewa. Kamfanin ma yana rufe lambar da ya kama da shi. Ka shiga saitin waya, ka buɗe jerin manhajoji gaba ɗaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ka sani ba, ko wadda ba ta da suna ko hoto, ka cire. Ka buɗe Play Store ka tabbata Play Protect yana kunne. Sannan ka duba izini. Manhajar tocila ba ta da hurumin karanta saƙonninka ko ganin lambobin mutanenka. Izinin da ya fi kowane haɗari shi ne wanda aka tanada don taimaka wa makafi da masu lalura, wanda a saitin aka rubuta Accessibility, domin duk manhajar da ta same shi tana ganin abin da ke fuskar wayarka, tana iya danna maɓalli a madadinka. Manhajojin satar kuɗin banki shi suke fara nema. In bayan duk wannan abin bai daina ba, ka kwashe hotuna da lambobi, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Gaskiya ne ba kullum laifin mai waya ba ne. A 2020 masu bincike sun gano wata manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka, tana ciki tun kafin a buɗe kwali, kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta shigo, ya kuma fitar da gyara. Akwai kuma irin Pegasus, wadda a 2019 ta bi ta kiran WhatsApp ta shiga wayoyin mutum kusan 1,400 ko da ba su ɗaga ba. Irin wannan tsadarta ta miliyoyin daloli ce, 'yan jarida da 'yan siyasa ake nufa da ita, ba ita ce damuwarka ba. Abin da ya shafe ka daga nan shi ne, duk wayar da ka saya ta hannu, a kasuwar waya ta PZ ne ko ta Circle a Accra, ka wanke ta gaba ɗaya kafin ka saka layinka. In za ka kai waya gyara, ka cire layi da katin ajiya.

Ka kuma gargaɗi yaranka a kan manhajojin bashi. Suna ba da sidi ɗari biyu ko uku cikin minti biyar, amma kafin nan sun karɓi izinin lambobinka da hotunanka. Ranar da aka makara, ko ma ba a makara ba, sai saƙon cin mutunci ya isa ga surukai da liman da abokan kasuwa. A 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da jerin irin waɗannan manhajoji marasa lasisi, a Yulin shekarar kuma aka kama sama da mutum 400 a Accra kan wannan harka. Sunansu bashi, aikinsu leƙen asiri.

Na bar maganar maƙwabcinka a baya don ita ta fi yi mini ciwo, kuma ita ce babu manhajar da za ta hana. Ban ji daga bakinsa ba, amma na san yadda ake yi. Wani ya kira shi da ladabi, ya ambaci sunan gurup ɗin, wataƙila har da sunan shugaban kwamiti. Ya ce za a yi taro ta intanet yau da dare, ko za a raba tallafi, an turo maka lamba shida ta saƙo, karanto mini in saka ka a jeri. Lambar nan ita ce makullin da WhatsApp ke turo wa mai layi in ana son buɗe asusunsa a sabuwar waya. Ɓarawon ne ya saka lambar wayar maƙwabcinka a tasa wayar, kamfanin ya turo makullin ga mai layin na gaskiya, mai layin ya miƙa. Daga nan ɓarawon ya gaji gurup-gurup ɗinsa duka, ya ga sunayen mutane, ya kama kiran na gaba. Da ɗan gari akan ci gari. Mu mutanen zango mun saba da amsa kiran ɗan'uwa, in an ce wane yana asibiti ba ma tsayawa bincike, kuma wannan halin kirkin ne suke farauta. Yana ƙona mini rai cewa kalmar sakawa da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita daga harshenmu aka ɗauko ta, ga shi kuma iyayenmu mata da tsofaffinmu suna cikin waɗanda aka fi cuta.

Ka gaya masa ya sake saka WhatsApp a wayarsa, ya shigar da lambarsa, ya karɓi sabon makullin, da ya saka shi ɓarawon zai fita. In ɓarawon ya riga ya ɗora tasa lambar sirrin, zai jira kwana bakwai kafin ya shiga ba tare da ita ba, amma a tsakanin nan shi ma ɓarawon an fitar da shi. Kafin komai, a sanar a masallaci da baki cewa kada kowa ya tura kuɗi. Kai kuma yau ɗin nan ka shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida da kai kaɗai ka sani, ka haɗa da imel. Da wannan, ko an yaudare ka ka faɗi makullin saƙo, ba su shiga ba. Ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, wadda ba ka sani ba ka cire. Ka yi wa Hajiya, ka yi wa iyaye. Minti biyu ne.

A harkar MoMo kai ka fi ni sanin dabarunsu, don haka ba zan tsawaita ba. Saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo ba shaida ba ne, ana ƙirƙirarsa. Shaida ita ce ka danna *170# ka ga ma'auninka da idonka. Wanda ya ce ya turo bisa kuskure, ka tura shi ga kamfani su mayar masa. Babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrinka, kuma duk saƙon da ya faɗo yana neman ka saka ta alhali ba kai ka fara cinikin ba, kuɗi ne za su fita. Shawarata mafi ƙarfi a nan: layin kuɗin shago ya zauna a ƙaramar waya mai maɓalli, wadda muke ce wa yam, ba intanet, ba manhaja, ba ta zuwa hannun kwastoma ko yaro mai son wasa. Lambar sirrin kuma kada ta zama shekarar haihuwarka, tana rubuce a katin da ke aljihunka. Lamba huɗu hanyoyi 10,000 ne, amma wanda ya san shekararka ya gama da gwaji ɗaya.

Kalmar sirri ta imel ɗinka ta Google ita ce uwar makullai, domin ta nan ake sake saita na Facebook da sauran. Ta zama doguwa, kuma kada ka yi amfani da ita a ko'ina dabam. In shafi ɗaya ya fashe aka kwashi kalmomin mutane, abin da ɓarayi ke fara yi shi ne gwada su a sauran shafuka. Tsawo ya fi rikitarwa amfani: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ka sirka da lamba, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi wadda kai kanka za ka manta. In ba za ka iya riƙewa ba, rubuta su a littafi ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun fili. Wannan ya fi maimaita kalma ɗaya sau goma. Nan ma ka kunna mataki na biyu. Linki kuma in ya zo yana cewa an raba data kyauta, ko ana ɗaukar aikin soja ko kwastan, ko ka ci kyauta, ka dubi adireshin da kyau. Yawancin shafukan gwamnatin Ghana da gov.gh suke ƙarewa. Shafin da ya nemi ka saka kalmar sirri bayan ka bi linki daga gurup, ka rufe shi, ka shiga ta manhajar da ka saba.

In duk da haka wani abu ya faru, sauri shi ne magani. Ka kashe data ko ka zare wayar intanet daga na'urar da ta kamu, kada ka ƙara rubuta wani sirri a cikinta. Ka canza kalmominka daga wata na'ura mai tsabta, ka fara da imel. In kuɗi ne suka fita, ka kira kamfanin layinka ko bankinka nan take, kafin a cire su a wani wuri. Kada ka goge saƙonnin da lambobin da aka kira ka da su, ka ɗauki hotonsu. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta kafa hukuma ta musamman kan wannan, CSA, kuma ana samunta ta kira ko saƙo a lamba 292. Na san da yawa suna shiru don kunya, musamman manya, kada a ce an yi musu wayo. Ka ƙarfafa wa maƙwabcinka gwiwa ya kai rahoto. Lambar da ta cuce shi tana nan tana kiran wasu a Sawaba da Tafo.

Game da kwamfutar shagon, tunda tsutsar ta daɗe a ciki kuma ba mu san me ta jawo ba, ni ba zan tsaya goge-goge ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ka kwashe takardu da hotuna kawai zuwa faifan waje, ban da kowace manhaja. A sake ɗora Windows daga tushe mai kyau, a bar ta ta sha sabuntawarta har ta ƙoshi, a tabbata Defender yana kunne, sannan a bincika faifan kafin a dawo da kayan. Ka tsaya a kan yaron da zai yi aikin, in ya kai hannu zai kashe antibairos don ya saka wani abu, ka dakatar da shi. Don rubutu akwai LibreOffice, don zane akwai Inkscape da GIMP, duk kyauta ne na halal daga masu su, kuma kuɗin da ka ware don antibairos ka sayi faifan ajiya da yam ɗin layin kuɗi da su. Filas ɗinka na shago ma a wanke su duka a ranar, in ba haka ba ranar Asabar da safe za su mayar maka da ita.